Keken ƙarfe mai faffaɗar taya: Abin da masu shi ke faɗa da abin da ya kamata mai saye ya sani

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, keke ya sake samun daraja a garuruwan Arewa. Litar man da ake saye ƙasa da Naira 200 a farashin gwamnati a farkon shekarar 2023 ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ma'aikacin da ke zuwa sakatariyar Gwadangaji daga cikin Birnin Kebbi, da ɗalibi, da manomin da ke sauka fadama kowace safiya, duk sun koma lissafin abin da babur ke sha a wata.

Cikin kekunan da mai saye kan ci karo da su a yau, ko a hotunan waya ko jefi-jefi a tsakanin kekunan gwanjo, akwai wani samfuri mai ɗaukar ido: keken hawan tsauni mai firam na baƙin ƙarfe da taya mai faɗin kusan inci uku. Masu shi a ƙasashen da aka ƙera shi sun shafe fiye da shekara goma suna bayyana ra'ayinsu a kansa, kuma yabonsu ya rinjayi sukarsu. Sai dai akasarinsu don nishaɗi suke hawansa a ƙarshen mako, kuma kayan gyara na kusa da hannunsu. Wanda zai hau shi kullum a kwarin Rima yana bukatar ya tace wannan yabo da rariyar ƙasarsa.

Siffarsa

Abu biyu ne suka bambanta shi da sauran kekuna. Na farko taya. Keken gargajiya irin su Raleigh da Phoenix da Hero, wanda aka fi sani a karkara, faɗin tayarsa inci ɗaya da rabi ne. Keken tsauni na yau da kullum, wanda jama'a ke kira mai giya, tasa tana tsakanin inci 1.9 da 2.4. Akwai kuma keke mai ƙatuwar taya, daga inci 3.8 zuwa 5, wanda aka yi domin dusar ƙanƙara da rairayi mai zurfi. Wanda ake magana a kansa yana tsakanin na biyu da na uku: inci 2.8 zuwa 3.0, a kan rim mai faɗin milimita 35 zuwa 50. Kamfanoni na sa alamar tarawa a gaban lambar girman wilinsa, shi ya sa ake ganin 27.5+ ko 29+ a jikinsa.

Na biyu firam. Yawancin kekunan tsauni na zamani da alminiyon ake yin su, shi kuwa wannan da ƙarfe ne, galibi nau'in da ake kira kuromoli, wanda aka gauraya da wasu ma'adinai biyu don ƙara masa ƙwari. Da yawa daga cikinsu ba su da shokazoba ko a gaba ko a baya, domin masu ƙira sun bar wa iskar da ke cikin taya aikin shanye gargadar hanya.

Asalinsa

Keken tsauni ya samo asali ne a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka cikin shekarun 1970, inda wasu matasa suka riƙa gangarowa daga tuddai a kan tsofaffin kekunan ƙarfe masu kaurin taya. A 1977 Joe Breeze ya ƙera firam na musamman domin wannan hawa, a 1981 kuma kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, ɗaya daga cikin na farko da aka ƙera da yawa domin kasuwa. Duka na ƙarfe ne. Alminiyon daga baya ya mamaye kasuwa.

Tunanin faɗaɗa taya domin rairayi kuwa yana da alaƙa da ƙasar Hausa. A 1980 wani Bafaranshe mai suna Jean Naud ya taso daga Damagaram a Jamhuriyar Nijar zuwa Tamanrasset ta Aljeriya a kan wani dogon keke mai ƙafa uku a jere, masu kaurin taya, wanda ya tsara domin tafiyar Sahara. A 2005 kamfanin Surly na jihar Minesota ya fito da Pugsley, keke mai ƙatuwar taya na farko da ya bazu a kasuwa. Da aka ga ya yi nauyi a hanyar da ba rairayi ba, sai kamfanin ya fito da Krampus a 2012, mai firam na ƙarfe da taya 29 mai inci uku. Daga nan samfurin ya samu suna. Wajen 2015 girman 27.5+ ya shigo, kamfanoni suka yi rububinsa, aka samu na ƙarfe irin su Pine Mountain na kamfanin Marin da Dragonslayer na Jamis.

Yayin bai daɗe ba. Kafin shekarar 2020 akasarin kamfanoni sun koma tayar inci 2.4 zuwa 2.6, suka rage ƙera mai inci uku. Wannan juyi shi ne ya fi shafar mai saye a Najeriya, domin kekunan da yayinsu ya wuce a Turai su ne ke biyo jirgin ruwa a matsayin gwanjo, alhali tayoyinsu na ƙara wuya ko a can.

Ƙasar da za a hau shi

Kwarin Rima ba ƙasar tsaunuka ba ce, amma hanyoyinta iri uku ne, kuma kowace da abin da take nema daga taya. Akwai kwalta, kamar wadda ta tashi daga Birnin Kebbi ta bi ta Gwadangaji da Zauro da Ambursa zuwa Argungu, tafiyar kimanin kilomita 50. Akwai hanyoyin tudu, na burji da na jigawa, inda rairayi ke taruwa a kwazazzabai da mashigar ƙauyuka da rani. Sai kuma fadama, mai faɗin kilomitoci a gefen gulbi, wadda ƙasarta laka ce: da rani ta bushe ta tsattsage, sawun shanu ya daskare a kanta kamar an dasa duwatsu, da damina kuma ta zama taɓo mai danƙo.

Zirga-zirga tsakanin tudu da fadama ta ƙaru tun bayan da aka ƙaddamar da shirin ba da rancen noman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a jihar, a watan Nuwamban 2015, da buɗe masana'antar shinkafa ta WACOT a Argungu a 2017, ga kuma Labana a Birnin Kebbi. Manomin rani yakan ratsa hanyoyin nan uku a tafiya guda, da jarkar mai ko buhun taki a bayansa. Ga zafin bazara da kan wuce digiri 40 a Maris da Afrilu, ga ƙurar hunturu, ga ƙaya. Da waɗannan ne za a auna duk wani ra'ayi game da keke.

Abin da masu shi ke yabawa

Yabo uku ne suka fi maimaituwa a bakin masu wannan keke, kuma duka ukun daga tushe ɗaya suka fito, wato ƙarancin iska a cikin taya.

Keken gargajiya yana bukatar iska mai ƙarfin PSI 40 zuwa 60. Faffaɗar taya kuwa da 12 zuwa 18 take aiki. Faɗin wurin da taya ke taka ƙasa ya dogara ne da nauyin da ke kanta da ƙarfin iskar da ke cikinta. Idan mahayi da kekensa sun kai kilo 90, tayoyin da ke da PSI 15 za su shimfiɗu a kan ƙasa kusan ninki uku na waɗanda ke da 50. Hikimar da ke cikin tafin raƙumi ke nan: jaki ya fi shi rashin nauyi, amma kofatonsa ya fi nutsewa a rairayi.

Saboda haka yabo na farko shi ne ratsa rairayi. Inda mai keken gargajiya zai sauka ya tura, mai faffaɗar taya yakan wuce a zaune, muddin rairayin bai yi zurfi ainun ba. Idan ya yi zurfi, shi ma sai ya sauka, domin inci uku bai kai matsayin ƙatuwar taya ba.

Na biyu sauƙin jiki. Taya mai yawan iska da ƙarancin matsi tana haɗiye ƙananan duwatsu da sawun shanu da kunyoyin da ruwa ya yanka a burji. Masu doguwar tafiya da masu ciwon baya ko wuyan hannu sun fi kowa ambaton wannan. Ga mai ratsa busasshiyar fadama, wannan alheri ne na zahiri.

Na uku riƙon ƙasa. Tayar ba ta saurin zamewa a kwana ko a gangara mai tsakuwa, birki kuma yana kamawa da kyau. Sababbin mahaya da masu shekaru sukan ce keken yana sa su natsuwa. Wasu kan ƙara da yabon rashin shokazoba, domin abin da babu shi ba ya lalacewa, kuma shokazobar kekunan gwanjo sau da yawa takan iso a mace.

Abin da suke kuka da shi

Kukan farko nauyin wili ne. Faffaɗar taya guda takan kai gram 900 zuwa fiye da kilo ɗaya, ga rim mai faɗi, ga tif mai kauri. Nauyin da ke juyawa ya fi na firam gajiyar da ƙafa wajen tashi. Keken gaba ɗaya yakan kai kilo 13 zuwa 15, wanda har yanzu bai kai na gargajiya mai kilo 18 zuwa sama ba, amma a kan kwalta masu shi sun yarda cewa yana da jan ƙafa. Wanda tafiyarsa daga Gwadangaji zuwa cikin Birnin Kebbi ce a kan titi zai riƙa biyan kuɗin alherin da ba ya mora.

Na biyu laka. Wannan kuka ya fi fitowa daga mahayan Ingila, inda ruwa ba ya yankewa, kuma ya shafi fadamar Kebbi kai tsaye. Siririyar taya takan yanka taɓo ta taɓa ƙasa mai tauri, faffaɗa kuwa takan yi iyo a samansa tana zamewa. Tana kuma kwasar laka mai yawa, ta cushe tsakanin taya da firam har wili ya tsaya cak. Daga Yuli zuwa Satumba, faɗin taya ba ya taimakon mai shiga fadama.

Na uku raunin gefen taya. Don rage nauyi, kamfanoni sun yi tayoyin farko da siririn gefe, kututturen kara ko bakin marmara kan yage shi. Masu kaurin gefe suna nan, amma sun fi nauyi da tsada.

Na huɗu tsananin kula da iska. A wannan taya, bambancin PSI biyu ko uku yana sauya tafiya. In iska ta yi yawa keken ya riƙa tsalle kamar ƙwallo, in ta yi kaɗan tayar ta riƙa lanƙwashewa a kwana, rim ya daki dutse ya cije tif. Ma'aunin masu facin mota da babur ba ya nuna irin wannan ƙaramin adadi daidai, matsa taya da yatsa kuma ba ya wadatarwa. Mai wannan keke yana bukatar famfonsa da ma'auninsa.

Gaskiyar batun ƙarfe

Masoya firam na ƙarfe sukan ce ya fi na alminiyon laushin tafiya. Akwai gaskiya a ciki, amma idan aka ɗora shi a kan taya mai inci uku, laushin da mahayi ke ji kusan duk daga taya yake. Amfanin ƙarfe ga mazaunin Kebbi yana wani wuri dabam.

Ƙarfe ya ninka alminiyon kusan sau uku a nauyi, amma ya ninka shi kusan sau uku a tauri, don haka ana yin bututunsa siriri. A ƙarshe bambancin firam biyun bai cika wuce kilo ɗaya ba. Inda suka rabu shi ne wajen tsufa da gyara. Ƙarfe yakan lanƙwashe ko ya nuna tsaga a hankali kafin ya karye, kuma ana iya miƙe shi. Alminiyon yana gajiya da yawan jijjiga, tsagarsa na saurin gudu, waldarsa na bukatar injin musamman, kuma nau'in da aka fi yin keke da shi sai an sake gasa shi bayan walda kafin ƙarfinsa ya dawo. Mai waldar bakin kasuwa ba shi da waɗannan. Firam na ƙarfe kuwa ana iya ceto shi a Argungu ko Jega ko Kamba.

Sai dai a kiyaye abu biyu. Bututun kuromoli mai kyau kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, a tsakiya ma yakan sauka zuwa 0.6. Waldar lantarki irin ta ƙofa da taga tana huda shi nan take. Waldar gas da tagulla, a hannun wanda ya saba da siririn ƙarfe, ita ta fi dacewa. Na biyu tsatsa. Busasshiyar iskar Kebbi tana taimakon ƙarfe, amma keken da ake ratsa ruwan fadama da shi yakan tara ruwa a cikin bututu, ya ci shi daga ciki ba a sani ba. Akan cire sandar sirdi a kifa keken ruwan ya tsiyaye, a shafa mata giris kafin a mayar.

Ba kowane ƙarfe ne kuromoli ba. Idan an rubuta Cr-Mo ko 4130, ko aka ga tambarin Reynolds ko Tange ko Columbus, to mai kyau ne. Idan Hi-Ten aka rubuta, ƙarfe ne na gama-gari, mai nauyi, ko da yake ya fi sauƙin walda. Da irinsa ake yin kekuna masu araha masu taya inci huɗu da ke shigowa daga Sin. Kamanninsu na ruɗar mai saye, amma ba su ne masu ra'ayi ke yabo ba: sukan kai kilo 20, giyarsu da birkinsu kuma masu rauni ne.

Ƙaya da faci

Kusan duk wanda ya yabi faffaɗar taya, marar tif yake hawa. Akan like rim da tef, a zuba wani ruwan roba a cikin tayar, wanda ke toshe ƙaramar huda da kansa yayin da wili ke juyawa. Wannan dabara tana maganin tsidau ƙwarai. Mahayan jihohin Arizona da Niyu Meziko na Amurka suna fama da wannan tsiro ɗin dai da ke addabar mai keke a ƙasar Hausa, ga zafi ga rairayi, don haka ra'ayinsu ya fi na sauran Turawa kusa da halin da ake ciki a nan. Abin da suka tabbatar shi ne ruwan yana aiki, amma zafi na busar da shi. A lokacin bazara sai an ƙara shi duk bayan wata biyu ko uku.

Inda ba a samun ruwan, dole a koma tif, kuma a nan lissafi ke sauyawa. Taya mai faɗi ta fi siririya tattaro ƙaya, domin ta fi ta shafar ƙasa. Tif da ƙarancin iska kuma ba sa jituwa, saboda cizon rim. Mai shi zai ƙara iska don kare tif, ya rasa rabin laushin da ya sayi keken dominsa. Ƙayar bagaruwa da ta aduwa ba su da sassauci ga kowace taya. Faci da sholisho suna kama babban tif kamar yadda suke kama ƙarami, wannan ba matsala ba ce; matsalar ita ce ranar da tif ɗin ya ƙi faci.

Kayan gyara

A nan ne yabon masu shi na ƙetare ya fi yin nisa da halin kasuwar Kebbi. Abin da ke rataye a rumfar mai kayan keke galibi taya 28 ce ta keken gargajiya, da 26 ta mai giya, da ƙananan na yara. Kayan kuma daga manyan kasuwannin Kano da Legas da Onica suke tasowa, 'yan kasuwa ba sa ɗauko abin da ba ya tafiya.

Lambobin inci suna ruɗarwa, don haka a duba lambar milimita da ke jikin kowace taya. Rim na 26 milimita 559 ne, na 27.5 kuma 584, na 29 shi ne 622, na keken gargajiya mai 28 da inci ɗaya da rabi kuwa 635. Wato tayar Phoenix mai lamba 28 ta fi rim mai lamba 29 girma, ba za ta zauna a kansa ba. Babu ɗaya daga cikin huɗun da ke shiga wurin ɗan'uwansa. Tayar 27.5 mai inci 2.8 za a ga an rubuta mata 70-584 ko kusa da haka.

Akwai ƙofar fita guda biyu. Rim mai faɗi yana karɓar tayar da ta ɗan fi ta asali ƙanƙanta, kamar inci 2.4 ko 2.6, muddin lambar milimitar ta zo ɗaya. Sannan tsayin wilin 27.5+ ya yi kusa da na 29 mai taya ta yau da kullum, don haka firam da yawa na karɓar duka biyun. Amma sauya wili yana da nasa sharaɗi: kekunan da aka yi daga 2015 da yawansu suna da hob mai faɗin milimita 148 a baya da 110 a gaba, alhali tsofaffin masu giya 135 da 100 ne.

Haka batun yake ga sauran sassa. Birkin faifai mai aiki da waya duk mai gyaran keke zai iya lallaɓa shi. Mai aiki da mai yana bukatar mansa na musamman, kuma wanda ake zuba wa Shimano ba irin na birkin mota ba ne, in aka haɗa su robobin ciki za su lalace. Sarƙar giya 11 ko 12 siririya ce, ta fi tsada, ƙurar hunturu kuma tana cin ta da sauri. Mai giya 8 ko 9 ta fi sauƙin samu. Bawul ma iri uku ne. Siririn nan da ake kira Presta, wanda ya fi yawa a waɗannan kekuna, ba ya shiga bakin famfon mai faci sai da ɗan ƙaramin mahaɗi.

Game da kuɗi, sabon keke irin wannan daga sanannen kamfani ya riƙa farawa ne daga wajen Dala 1,000, taya guda kuma daga wajen Dala 60. Da Dala ta haura Naira 1,500 a 2024, kuɗin keken ya zo kafaɗa da kafaɗa da na sabon babur. Shi ya sa gwanjo ne hanyar da akasari za su same shi, kuma araharsa a ranar saye ba ta nuna abin da zai ci a shekara ta biyu.

Ɗaukar kaya

Wasu daga cikin waɗannan kekuna an yi su ne domin matafiya, suna da ramukan ɗaura kariya gaba da baya. Amma kariyar da ake yi musu galibi kilo 25 take ɗauka, wato jarkar ruwa guda mai lita 25. Buhun shanshera ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba. Don kwatance, keken Buffalo da ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, ta tsara domin karkarar ƙasashe irin su Zambiya da Kenya, firam ɗinsa na ƙarfe ne mai kauri, kariyarsa na ɗaukar kilo 100, kuma an yi shi da kayan da ake samu a kasuwannin yankin. Wannan ita ce hanyar da keken gargajiya ya bi ya zauna a Arewa tun zamanin da Raleigh ke da masana'anta a Kano. Ƙara wa keken tsauni kariyar maƙera mai nauyi yana yiwuwa, amma siririn bututunsa da sifok ɗinsa ba a yi su domin dako ba.

Yadda ake auna ra'ayin mai keke

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba kowane lokaci yake faɗa ba. Wanda ya kashe kuɗi mai yawa yakan kare zaɓinsa, wanda ya saya jiya bai ga komai ba tukuna, mai son sayarwa kuwa ra'ayinsa talla ne. Ra'ayin da ke da nauyi shi ne na wanda ya yi rani da damina a kan keken.

Tambayar ko keken na da daɗi ba ta fitar da komai. Waɗanda ke fitar da gaskiya su ne: Taya nawa ka sauya, kuma a ina ka samo? Kwana nawa keken ya taɓa yi a jingine yana jiran wani sashe? Da tif kake hawa ko babu? Sau nawa kake faci a wata? Wace hanya kake bi, kuma me kake ɗaukowa? In da za a mayar maka da kuɗinka, shi za ka sake saye?

Bayan mai keke akwai mutum biyu da ba a tsallakewa. Mai gyara ya san samfurin da ke yawan dawowa rumfarsa da wanda ya gagare shi. Mai sayar da kaya kuma shi zai faɗi ko tayar tana samuwa, da kwana nawa saƙo ke yi kafin ya iso.

Dubawa kafin biya

Ba a cinikin biri a sama. Keken da aka gani a hoto kawai ba a biya shi. A kai maganaɗisu jikin firam: in ya kama ƙarfe ne, in bai kama ba alminiyon ne ko wani abu. A duba bayan wuyan keke, inda bututu biyu suka haɗu da shi; fentin da ya tattare ko ya tsage a nan alamar karo ce. A duba fok, wato ƙarfen mai reshe biyu da ke riƙe wilin gaba, ko ya koma baya. A kwance sandar sirdi a ga tana motsi, domin wadda tsatsa ta riƙe babbar wahala ce, a kuma leƙa cikin bututun da fitila.

A juya kowane wili a ga ko yana rawa, a girgiza shi gefe da gefe don jin lafiyar boris. A duba gefen taya ko ya fara tsattsagewa, domin keken gwanjo yakan daɗe a ajiye kafin ya iso. A tabbata akwai sararin da yatsa zai shiga tsakanin taya da firam saboda laka. A hau shi a kwalta da rairayi duka, a bi giyoyi ɗaya bayan ɗaya. Sannan a nemi shaidar ciniki mai ɗauke da lambar da aka buga a ƙarƙashin firam, saboda keke mai tsada yana jan hankalin ɓarawo, sayen na sata kuma yana jan mai saye zuwa caji ofis.

Wanda ya dace da shi

Keken ƙarfe mai faffaɗar taya ya dace da wanda yawancin tafiyarsa a rairayi da burji da busasshiyar fadama take, kayansa ba su wuce na jaka da jarka ba, kuma yana da hanyar samun taya daga Kano ko Legas ko ƙetare: malamin gona, ma'aikacin lafiya mai zagaya ƙauyuka, ko mai hawa don motsa jiki. Irin wannan mai saye zai kyauta wa kansa idan ya haɗa da tayar ajiya da tif biyu tun ranar ciniki.

Mai tafiyar kwalta zai fi morar siririyar taya. Mai dakon amfanin gona har yanzu keken gargajiya ne abokinsa. Wanda kuma yake son ƙwarin ƙarfe da ɗan sauƙin rairayi ba tare da zullumin kayan gyara ba, akwai tsohon mai giya na kuromoli mai wili 26, irin na shekarun 1990, wanda ke karɓar taya har inci 2.1 ko fiye kaɗan. In aka rage masa iska daidai gwargwado yana ba da kaso mai kyau na abin da masu faffaɗar taya ke yabo, kuma tayarsa tana rataye a rumfar da ke bakin kasuwa.